Kunnen Wa Za Mu Gaskata?

Na sani wasu daga cikin masu karatu za su yi mamakin ganin maganar kiɗan jaz a cikin mujallar ƙungiyar Hausa, har ma wani ya ce ashe kotso da kalangu sun ƙare ne da za a ɗauko mana ƙahon Amurkawa. Ina roƙon irin wannan ɗan'uwa ya yi mini haƙuri ya bi ni zuwa ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar hatsaniya ce da ta auku a ɗakinmu a zangon karatun da ya wuce, wadda ta kusa raba ni da aboki, ta kuma bar ni da wata tambaya da har yau ban gama juya ta a raina ba. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum biyu suka saurari kiɗa guda, ɗaya ya ce ya yi daɗi, ɗaya ya ce hayaniya ce, shin akwai mai gaskiya a cikinsu, ko kuwa kowa da kiwon da ya karɓe shi?

Mu huɗu ne a ɗakin, kuma tun muna aji biyu muka ɗauki wata al'ada. Kowane daren Juma'a, watau ranar Alhamis bayan sallar lisha, sai a dafa shayi, mutum ɗaya ya kawo faifan da ya fi so ya sa wa sauran, a saurara tun daga farko har ƙarshe ba mai magana, sa'an nan a buɗe baki. Ka'idar ke nan, ba mai katse faifan wani. Akwai Bazazzagi mai karatun lissafi, akwai wani Bakano da ba ya jin komai sai waƙoƙin fina-finan Indiya na zamanin iyayenmu, akwai Basakkwace ɗan wajen Isa mai karatun aikin gona, sai kuma ni.

Ni kuwa jaz gadonsa na yi daga wurin kawuna. Ya yi karatu a Samaru a farkon shekarun 1980, lokacin da wani mashahurin mabushi Ba'amurke, Yusef Lateef, yake zaune a Zariya yana aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1981 zuwa 1985. Mutumin nan Musulmi ne, ya zo ne musamman yana nazarin busa irin tamu, har da sarewar Fulani, kuma shi kansa ba ya son a kira kiɗansa da sunan jaz. Ganinsa ne ya sa kawu ya fara tara faya-fayai, har ya cika wani akwatin katako da su. Garmahon ya daɗe da lalacewa, amma faya-fayan suna nan cikin rigunansu, da hotuna da bayanai a bayansu. Daga nan nake karanta sunaye in je in nemo kiɗan a waya.

Saboda wanda bai san abin ba, bari in ɗan gutsura. Jaz kiɗa ne na baƙar fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan nahiya tamu. Ya tsiro a birnin Niyu Oliyans wajen farkon ƙarni na 20, kuma an fara ɗaukarsa a faifai a 1917, kodayake abin takaici Turawa ne suka riga masu abin shiga ɗakin ɗauka. Babban sirrinsa shi ne ƙirƙira nan take. Makaɗa sukan fara da wani ɗan gajeren kari wanda kowa ya sani, sa'an nan kowanne ya fito shi kaɗai ya yi ta sarrafa karin nan yadda zuciyarsa ta ba shi a wannan lokaci, in sun gama zagayawa su koma kan karin farko su rufe. Ɗalibin waƙar baka ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin karin farkon nan shi ne gindin waƙa, abin da kowane mabushi ya kawo kuwa su ne ɗiyanta. Wanda ya san yadda marigayi Mamman Shata yake tsayawa gaban taro ya ƙaga waƙa ba tare da ya zauna ya tsara ta a gida ba, ya riga ya san rabin labarin.

Da zagaye ya fara zuwa kaina na sa musu Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a birnin Niyu Yok cikin zama biyu kacal, ran 2 ga Maris da ran 22 ga Afrilu, 1959. Kiɗa ne mai sanyi, ba gaggawa. A waƙar farko babban gogen nan da ake tsinka da yatsa shi ke yin jagora, masu ƙaho suna karɓa masa da sauti biyu-biyu kamar 'yan amshi. Wannan dare an rabu lafiya. Bakano ya ce ya yi kama da kiɗan da ake sa wa a asibitin masu kuɗi, aka yi dariya, Bazazzagi ya ce a tura masa.

Zuwa na biyu ne aka yi ta. Na zaɓi faifan da na fi ƙauna duk duniya, watau A Love Supreme na John Coltrane. Dole in faɗi abin da ya sa nake ƙaunarsa, domin in ba haka ba mai karatu ba zai gane zafin da na ji ba. Coltrane mutum ne da ƙwaya da giya suka kusa hallaka shi, har Miles Davis ya kore shi daga ƙungiyarsa a 1957. A cikin wannan shekara ya tuba ya bar su duka. Bayan shekara bakwai, ran 9 ga Disamba, 1964, ya shiga ɗakin ɗauka tare da mutum uku, McCoy Tyner a kan fiyano, Jimmy Garrison da babban goge, Elvin Jones da ganguna, suka ɗauki faifan nan a zama guda, kashi huɗu, 'yan mintoci sama da talatin, a matsayin godiyarsa ga Ubangiji da Ya tsamo shi. Bai cika shekara uku ba bayan haka ya rasu, a 1967, yana da shekara 40. Ni kuma na fara jin faifan ne a cikin watannin da mahaifina yake kwance ciwon ajali, ina zaune a barandar asibiti da dare ba abin yi. Saboda haka ba zan iya jinsa da kunnen kowa ba.

Muka saurara har ya ƙare. Shiru ya ɗan yi tsawo. Can sai Basakkwace ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, don Allah wanga mutum mi shika hwaɗi? Ni dai na ji shina ta kuwwa awa an taka mai ƙahwa."

Sauran suka fashe da dariya. Ni kuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, kafin in ankara bakina ya riga hankalina. Na ce masa, "Ai ba laifinka ba ne. Kunnen da ya tashi a kan kotso ina zai gane wannan?"

Bai ce mini uffan ba. Ya tashi ya wanke kofinsa ya kwanta. Sai daga baya na tuna cewa kakansa na wajen uwa ɗan amshi ne a gidan wani makaɗin fada, kuma shi da bakinsa ya taɓa gaya mini haka yana alfahari. Mako uku muka yi a ɗaki ɗaya daga gaisuwa sai gaisuwa, zaman daren Juma'a kuma ya mutu.

A cikin makonnin nan uku ne na yi ta tunanin da nake so in shimfiɗa a nan. Bakano, da yake mutum ne mai son sulhu, ya same ni ya ce, "Kai ma ka cika ɗaukar zafi. Abincin wani gubar wani ne, mene ne abin gardama a ciki?" Wannan ita ce amsar da kowa yake bayarwa, kuma tana da daɗin faɗi domin tana kashe rigima nan take. Amma da na zauna da ita sai na ga ba mai gaskata ta har zuci, har da shi mai faɗin. Idan na ce na fi son miyar kuka a kan ta kuɓewa, ba wanda zai tsaya yi mini musu, domin labarin harshena nake bayarwa, kuma ni na fi kowa sanin harshena. Amma idan na ce yaron da ke dukan gwangwani a bakin titi daidai yake da makaɗan kalangun Shata, ba wanda zai ce mini kowa da ra'ayinsa. Cewa za a yi ko dai wasa nake yi, ko kuwa ban san kiɗa ba. Shi kansa Bakano, ka ce masa waƙoƙin Indiya na yau sun fi na su Muhammad Rafi, za ka ga inda sulhunsa ya tsaya. Ashe ke nan magana iri biyu ce muke cakuɗawa da sunan daɗi. Wani masanin falsafa Bajamushe, Immanuel Kant, ya rarrabe su a littafinsa na 1790. A wurinsa akwai abin da ya yi mini daɗi ni kaɗai, wanda ba na neman kowa ya taya ni, akwai kuma abin da nake cewa kyakkyawa ne, wanda da zarar na faɗa to ina kiran sauran mutane ne su yarda da ni, ko da kuwa ba ni da hujjar da zan tilasta musu. Dalilin da ya sa ake faɗa a kan kiɗa ba a faɗa a kan miya ke nan.

To, idan akwai fifiko, wa ke da ikon yanke shi? Kafin Kant, wani mutumin Sikotlan mai suna David Hume ya yi rubutu a kan wannan a 1757. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, ma'auni yana hannun ƙwararrun masu saurare, watau waɗanda Allah Ya ba su kaifin ji, suka daɗe suna yi, suka gwada wannan da wancan, suka kuma wanke zukatansu daga son kai. Inda irin waɗannan suka haɗu a kan abu, a ƙasashe dabam-dabam da zamuna dabam-dabam, to nan gaskiya take. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai da na fara karanta ta, domin na ɗauka tana bayana. Kuma akwai gaskiya a cikinta wadda kowane Bahaushe ya sani daga goro. Ba yaron da ya taɓa ɗanɗana goro karo na farko ya ce ya yi daɗi, tofarwa yake yi. Amma tsohon da ya shekara arba'in yana ci yana iya rufe ido ya gaya maka wannan ɗan ina ne, sabo ne ko ya kwana biyu a huhu. Ba za mu ce yaron da tsohon hukuncinsu ɗaya ba. Na ce a raina, to ai shi ke nan, ni ne tsohon, abokina ne yaron.

Sai dai tarihin jaz ɗin kansa bai bar ni na huta a kan wannan kujera ba. Theodor Adorno Bajamushe ne wanda ya san kiɗan Turai ciki da waje, har ya yi karatun tsara kiɗa a hannun Alban Berg. Idan ana neman ƙwararren mai saurare, shi ne. Amma a 1936 ya rubuta maƙala ya yi wa jaz kaca-kaca, ya ɗauke shi hajar kasuwa mai dakusar da hankalin jama'a, kuma bai sauka daga kan wannan ra'ayi ba. Za a iya cewa shi baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. To, me za a ce game da 'yan gida? Lokacin da Ornette Coleman ya sauka Niyu Yok a ƙarshen 1959 da ƙahonsa na roba, manyan makaɗan jaz da kansu suka rabu biyu, wasu suka ce sabon zamani ya zo, wasu suka ce mutumin bai ma iya busa ba. Da faifansa Free Jazz ya fito, wanda makaɗa takwas suka yi kusan minti 37 suna busa da kiɗa a lokaci guda, mujallar Down Beat ta ba mutum biyu su auna shi. Ɗaya ya ba shi tauraro biyar, watau maki mafi girma, ɗayan bai ba shi ko guda ba. Duka biyun sun cika sharuɗɗan Hume. Haka kuma mawaƙin Ingila Philip Larkin, wanda ya shekara da shekaru yana sharhin faya-fayan jaz a jarida, yana mutuwar son Louis Armstrong amma ba ya ƙaunar jin Coltrane ko kaɗan. Abin da Basakkwace ya faɗa a ɗakinmu bai yi nisa da abin da Larkin ya rubuta ba, kuma ba wanda ya ce kunnen Larkin a kan kotso ya tashi.

Tun da na ambaci Free Jazz, bari in fasa ƙwai, ko da zai ba ni kunya. Na sha gaya wa mutane cewa ina son faifan nan. Ƙarya nake yi. Sau biyu na taɓa kai shi ƙarshe, kuma duka biyun da ciwon kai na tashi. Na ce ina sonsa ne don na karanta cewa masana suna girmama shi, kuma ina so a lissafa ni cikinsu. Wani masanin zamantakewa Bafaranshe, Pierre Bourdieu, ya fitar da babban littafi a 1979 inda ya nuna, daga binciken da ya yi a Faransa, cewa abin da mutane suke kira zaɓin ransu yakan bi sawun gidan da suka fito da makarantar da suka yi, kuma sukan yi amfani da shi kamar babbar riga, don a san su ba sa'o'in wane ba ne. Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin hawayen da na yi a barandar asibiti ba don wani ya gani na yi su ba. Amma ba zan iya rantsuwa cewa babu wannan a cikin son da nake yi wa jaz ba. Wani ɓangare na daɗinsa a wurina shi ne, duk ɗakunan kwananmu ba mai jinsa sai ni. Kuma maganar da na yaɓa wa abokina daga wannan ɓangare ta fito. Da a ce kiɗan nake karewa, da na nuna masa abin da zai saurara. Abin da na kare shi ne matsayin da na ba kaina.

Yadda muka shirya kuwa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Bazazzagi ne ya matsa aka ta da zaman, kuma zagaye ya faɗa kan Basakkwace. Na riga na ba shi haƙuri da rana, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin nan da ka san akwai komai. Da dare ya sa mana Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, tsohuwar ɗauka mai ƙara kamar ana soya gyaɗa. Da ta ƙare sai ya dube ni ya ce, "To, Malam na Hausa, mi kaj ji?"

Na gyara zama, domin nan fagena ne. Na kawo masa zambo da habaici, na nuna kirari da kambamawa, na warware masa wasu tsofaffin kalmomi yadda aka koya mana a aji. Ya bar ni na gama tsaf, sa'an nan ya ce wannan duk waƙa ce, shi kiɗa ya tambaye ni. Ya mayar da faifan baya ya ce in bar bin bakin Narambaɗa in bi hannuwan makaɗa. Ya nuna mini inda kotso ɗaya yake riƙe da gindi sauran suna yi masa ado, da inda makaɗa suke sassautawa su ba jagora fili in zai kawo magana mai nauyi, da yadda suke ɗagawa gaba ɗaya a daidai gaɓar da 'yan amshi za su karɓe. Yana yi yana buga cinyarsa da yatsu. Wallahi na sha jin waƙar nan, har na amsa tambaya a kanta a jarrabawa na ci, amma ban taɓa jin abin da ya nuna mini ba. Shekara uku ina nazarin waƙar baka a kan takarda, ashe rabinta kawai nake ji. A wannan dare an sake raba goro, ni ne yaron.

Daga nan ne kuma na fahimci tambayarsa ta farko, wadda na ɗauka izgili ce. Da ya ce me mutumin nan yake faɗi, da gaske yake tambaya. A wurin wanda ya tashi cikin kiɗan Hausa, abin kiɗa magana yake yi. Kalangu yana kiran sunan mutum, kakaki da algaita suna yi wa sarki take, kuma wanda ya san taken yana jin kalmomin sarai ko ba a furta su ba. Saboda haka da ya ji ƙaho yana hawa yana sauka kamar muryar mutum, sai kunnensa ya shiga neman kalmomin da ke ƙarƙashi, bai same su ba, ya gaji. Wannan kuwa horo ne irin nasa, wanda ni ba ni da shi. Abin mamaki kuma, tambayar tasa tana da amsa, kuma amsar tana cikin akwatin kawu. A jikin rigar faifan Coltrane ya buga wata addu'a da ya rubuta da hannunsa, kashi na huɗu na faifan kuwa addu'ar nan yake karantawa da ƙaho, gaɓa bayan gaɓa, ba tare da ya buɗe baki ba. Watau take yake yi. Na san wannan tun tuni, amma girman kai bai bar ni na tuna ba a daren da ya kamata.

Da na je gida hutun tsakiyar zango na ɗauko hoton rubutun na kawo masa. Muka zauna mu biyu, yana bin layukan da yatsa, ƙaho yana tafiya. Ya yi shiru har aka gama. Sa'an nan ya ce yanzu ya yarda mutumin magana yake yi, kuma mai gangunan nan, Elvin Jones, ko a gidan sarki aka kai shi zai ci tuwo. Amma ya ƙara da cewa har yanzu bai ji daɗinsa ba, kuma ba ya tsammanin zai ji.

Wannan jawabi nasa ya fi mini duk littattafan da na ambata amfani, domin ya raba abu biyu da ni na kasa rabawa. Ya yarda aikin gwani ne, ya kuma ce ba nasa ba ne, kuma bai ga wani karo tsakanin maganganun biyu ba. A nan ne ni ma na tsaya, ko da yake tsayuwar ba ta da ƙarfi sosai. Ina ganin akwai gwaninta ta gaskiya a cikin kiɗa, wadda ake iya nunawa da yatsa a ce saurari nan, ji abin da ya yi a can, kuma mutum yana iya yin kuskure a kanta, yana kuma iya koyo. A wannan fage gardama halal ce, har ma wajibi ce, domin da Basakkwace ya bi shawarar Bakano ya ce kowa da ra'ayinsa, da har yau ban ji kotso ba. Amma bayan an gama nuna duk abin da ake iya nunawa, akwai saura, watau ko abin ya shiga zuciya ko bai shiga ba. Malaman Sufaye suna da kalmar zauƙi, wadda asalinta a Larabci ɗanɗano ne, kuma Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi amfani da ita wajen bayanin irin sanin da ba ya samuwa ta hanyar ba da labari sai wanda ya ɗanɗana da kansa. Ba ina shiga maganar hukuncin kiɗa ba ne, wannan fagen malamai ne, kalmar kawai na ara. Shi ma Hume ya yarda cewa shekaru da halin mutum suna sa ya karkata ga wani gwani ya bar wani, ba tare da laifi ba. Ni na ji Coltrane a barandar asibiti, abokina ya ji Narambaɗa a kan cinyar kakansa. Ba ni da hanyar da zan ba shi barandar nan, kuma ba na yi masa fatanta.

Akwai wani abu guda da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Shin shi ma bai yi laifi ba da ya ce an taka wa Coltrane ƙafa? Na daɗe ina so in ce ya yi. Wanda ya miƙo maka faifan da ya fi so, wani yanki na cikinsa ya buɗe maka, kuma ya kamata a taka a hankali. Amma bai san labarin asibiti ba, domin ban taɓa gaya wa kowa a ɗakin ba. Kuma idan na ce lalle sai ya yaba, to na mai da shi irina ke nan a kan Free Jazz, mai gyaɗa kai ga abin da bai ji ba. Tsakanin abokin da zai yi mini kara ya yi ƙarya da wanda zai gaya mini abin da kunnensa ya ji, na san wanda zan fi so in sa wa faifai, ko da yake a daren nan da an tambaye ni da na zaɓi na farkon.

Zaman daren Juma'a yana nan yana ci gaba. Bazazzagi ya kamu da Time Out na Dave Brubeck, shi ma na 1959, saboda wata waƙa a ciki da ake ƙirga ta biyar-biyar maimakon huɗu-huɗu, ya ce wannan lissafi ne, ba ruwansa da zauƙi. Na nuna musu hoton Louis Armstrong tare da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna lokacin da ya zo Nijeriya a 1960, Bakano ya ce in dai Sardauna ya zauna da mai ƙaho to shi ma zai daure. Basakkwace kuwa ya karɓi Kind of Blue ya ajiye a wayarsa, kuma kusan kullum sai ya sa shi. Na yi murna da farko, sai da na lura cewa ba ya wuce waƙa ta biyu yake yin barci. Na yi masa magana, ya ce ai shi bai taɓa samun maganin barci kamarsa ba, in bar masa abinsa. Mako mai zuwa zagayensa ne, ya ce Musa Ɗanƙwairo zai kawo, kuma ya riga ya gargaɗe ni kada in zo masa da takarda.